Wai da gaske makauniya ce ta rubuta waƙoƙin coci dubu takwas?

Tambaya: Malam, a zumuntar mata aka ce mana wata makauniya ta rubuta waƙoƙin yabo sama da dubu takwas. Anya kuwa? Wanda baya gani ta yaya zai yi wannan?

Amsa: Mama, gaskiya aka faɗa muku. Sunanta Fanny Crosby, 'yar jihar New York ce a Amurka, an haife ta 1820 ta rasu 1915, kuma tun tana jaririya idonta ya rufe.

Toh yadda take yi shine, bata ɗaukar alƙalami. A ka take tsara waƙar baiti bayan baiti, ta gyara ta sake gyarawa har ta zauna, wani lokaci ma waƙoƙi da dama take riƙewa a lokaci ɗaya, sannan ta samu mai rubutu ta riƙa faɗa yana rubutawa. Kuma wannan kaifin hadda ba daga sama ya faɗo ba, tun tana yarinya kakarta ke karanta mata Littafi Mai Tsarki, kafin ta girma ta haddace Linjila huɗu da littattafan Musa biyar da Karin Magana.

Sau da yawa ma muryar waƙar ce ke fara zuwa. A 1873 ƙawarta Phoebe Knapp ta kaɗa mata wata sabuwar murya ta tambaye ta me take ji a ciki, nan take Fanny ta fara jero kalmomin waƙar Blessed Assurance. Haka suka yi aiki shekara da shekaru da William Doane mai tsara muryar waƙoƙi, shi ya sa wa waƙarta Pass Me Not murya.

Amma fa maganar dubu takwas ɗin nan akwai sana'a a ciki. Ta fara da mai buga littattafai William Bradbury a 1864, daga baya kamfanin Biglow & Main, ana biyanta kamar dala 2 kowace waƙa, kuma saboda kada littafi guda ya cika da sunan mutum ɗaya sai aka dinga sa mata sunayen aro kusan 200. Ni a ganina ba duka ne masu kyau ba, yawancinsu an manta da su, wasu ko buga su ba a yi ba. Waɗanda suka rayu kuwa mawaƙi Ira Sankey ya taimaka ƙwarai, shi ya riƙa rera su a manyan tarurrukan mai wa'azi Dwight Moody a Amurka da Ingila, daga nan 'yan mishan suka kwaso irinsu suka juya zuwa harsuna da yawa har da Hausa.