Amsar Baba ga ɗanmu da ke filin bishara: Ruhu ne ko zuciyata?

Salama a gare ku 'ya'yana. Ku yi haƙuri, da murya zan amsa, idanun nan sun daina ganin ƙananan rubutu. Wanda ya samu zarafi ya rubuta wa waɗanda ba su da data.

To, na saurari saƙon ɗanmu da ke filin bishara. Ya ce wata uku ke nan wani abu yana ta nauyaya masa a zuciya cewa ya bar ƙauyen da aka tura shi, ya matsa wani gari can gaba. Yana tambaya, yaya zai gane ko Ruhu Mai Tsarki ne, ko kuwa tunaninsa ne kawai.

Ɗana, da farko dai kada wani ya ce maka Ruhu ba ya bi da mutum haka. Yana yi. Ni shaida ne. Wata rana da damina ina kan keke, ana jirana sujada a wani ƙauye, na zo inda hanya ta rabu biyu sai na ji kamar an ce mini, bi ta rugar can. Ba murya na ji a kunne ba fa, a'a, nauyi ne a ƙirji wanda ya ƙi tafiya. Na wuce, na yi gaba kaɗan, na kāsa, na juyo. Ina isa na tarar da yaro a kwance zazzaɓi ya kama shi har yana sanƙarewa, maza duk sun tafi kiwo, sai uwar da wata tsohuwa suna kuka. Na goya shi da zanen uwar, na tuƙa keke cikin taɓo zuwa ɗakin shan magani. Ranar ko aya ɗaya ban karanta wa kowa ba, masu jirana ma sai da suka yi fushi. Yaron ya tashi. Uban bai taɓa karɓar bishara ba har muka rabu, kada in ƙara gishiri, amma ranar da aka so a ƙwace mana filin majami'a shi ne ya miƙe a gaban mai gari ya ce a bar mutumin nan.

Amma ka saurari ɗayan labarin, don shi ya fi kama da naka. A shekarata ta uku a wani wuri, ba wanda ya tuba, mai unguwa yana ta ja mini rai, Mamanku ba ta da lafiya, ɗan tallafin da ake aiko mana ya makara. Sai na yi mafarki, ga mutane a hayin rafi suna ɗaga mini hannu. Na farka na ce shi ke nan, wannan Makidoniyata ce, kamar yadda aka kira manzo Bulus zuwa Makidoniya cikin wahayi. Na gaya wa Mamanku. Ta dube ni ta ce, Maigida, addu'a ka yi ko gajiya ka yi? Na ji haushi ƙwarai. Ban gaya wa faston da ke lura da mu ba, ban gaya wa dattawa ba, don na san abin da za su ce. Muka kwashe kaya bayan kaka. Wata bakwai muka yi a can, ko wurin zama na kirki ba mu samu ba. Da muka dawo da kunya, samari biyu da nake koya wa karatu da dare, waɗanda suka fara tambayata game da baftisma, sun watse, ɗaya ya tafi cirani bai sāke dawowa ba. Har yau abin yana ci mini rai. Wato ni na gudu ne, na sa wa gudun rigar Ruhu.

Daga baya na koma na karanta Ayyukan Manzanni sura 16 a hankali, sai na ga abin da na tsallake. Bulus bai fara da wahayi ba. Ya so ya yi wa'azi a Asiya, Ruhu ya hana. Suka nufi Bitiniya, aka sāke hana su. Sau biyu ana rufe musu ƙofa kafin su isa Taruwasa, inda ya ga mutumin Makidoniya da dare. Kuma ka duba aya ta 10 da kanka: Bulus kaɗai ya ga wahayin, amma mai rubutun ya ce mu, mu ne muka tabbata Allah ya kira mu. Ashe ya baje maganar a gaban abokan tafiyarsa, su Sila da Timoti, suka auna ta tare. Haka ma a sura 13, a Antakiya, ikkilisiya tana sujada da azumi ne Ruhu ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, kuma ikkilisiyar ce ta ɗora musu hannu ta sallame su. Ba su sulale da asuba ba kamar ni. Kuma da su Bulus da Sila suka isa Filibi ta Makidoniya, ba taron mutane masu ɗaga hannu suka tarar ba, mata ne a bakin kogi, sai Lidiya, bayan nan kuma bulala da kurkuku.

Abin da na koya ke nan, ɗana: abin da ya fito daga Ruhu ba ya tsoron a gwada shi. Yahaya ma a wasiƙarsa ta fari, sura 4, ya ce a gwada ruhohi. In ka ji kana so ka ɓoye wa fastonka, ko kana so ka yi sauri kafin matarka ta yi magana, to tsaya. Ni abin da ya kā da ni ke nan. Kuma ka lura da wanda zai amfana. Juyawar da na yi zuwa ruga ba ta ƙara mini komai ba sai taɓo da fushin mutane. Ƙaurar da na yi kuwa, ni ta yi wa daɗi, ta raba ni da mai unguwar da na tsana.

Sai dai kada ka ɗauka wai in abu ya yi wuya ko bai ba da 'ya'ya da wuri ba, to ba Allah ba ne. A nan matasa da yawa suke ruɗewa. Ku 'yan ECWA kun san tushenku. A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nauyin ƙasar nan tamu a zuciyarsu. Manyan 'yan mishan da suka tarar a can suka ce musu ba zai yiwu ba. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sāke zuwa a 1900, zazzaɓi ya sāke mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. In da sakamakon shekara ɗaya za a auna su, sai a ce ruɗu ne ya kawo su. Amma ga Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, ga EMS, ƙungiyar bishara ta ECWA, tun 1948 tana tura 'yan ƙasa, ga asibitin Galmi a Nijar tun 1950. Kuma ka ga, a nasu labarin manya ne suka ce kada a je, suka je. Don haka ban ce maka duk abin da babba ya faɗa shi ne muryar Allah ba. Bambancinsu da ni, su a fili suka yi, sun faɗa, sun ji gargaɗi, sun san abin da zai ci musu, kuma wuya suka nufa. Ni sauƙi na nufa, a ɓoye.

Shi ya sa ba zan ce maka tafi ko zauna ba, ban san garin ba, ban san zuciyarka ba. Amma a saƙonka na ji ka ambaci cewa mutanen ƙauyen sun daina zuwa tun da aka yi rigimar rijiya, ka wuce maganar da sauri. Ni kuwa nan kunnena ya tsaya. Nauyin nan, kafin rigimar ya fara ko bayanta? Wannan kai kaɗai za ka amsa, kuma ba a guruf ba.

Ga abin da nake roƙonka. Kada ka ɗaga ko tabarma tukuna. Ka zauna da matarka ka ji nata, ka bar ta ta gama magana. Ku keɓe kwana uku na addu'a, in da hali da azumi. Ka je wurin faston da ke lura da kai ka faɗa masa duka, har da rijiyar. In zai yiwu ka nemi izini ka ziyarci wancan garin ranar kasuwa sau biyu ko uku, kana kwana a inda kake, ka ga ko akwai gidan da zai buɗe maka ƙofa. Sa'an nan ka tambayi kanka wa zai riƙe mutum huɗun nan da ka ce suna zuwa addu'ar safe.

Cajina ya kusa ƙarewa, an ɗauke wuta tun jiya. Ka kira ni ranar Lahadi bayan sujada, ka sa matarka kusa, Mamanku tana so ta gaishe ta. Ubangiji ya kiyaye ku.