In allurar rigakafin korona tana aiki, me ya sa ake ci gaba da sa takunkumin fuska?

Ɗan'uwa, ka ce abin da ya hana ka karɓar rigakafin korona shi ne ganin waɗanda aka yi wa allurar ma suna sanye da takunkumi, wasu har sun kamu. Ana yawan yin wannan tambaya, kuma tana kan hanya.

Babban aikin allurar shi ne ta koya wa garkuwar jiki gane ƙwayar cutar, yadda in ta shigo ba za ta kai mutum gadon asibiti ko kushewa ba. Hana kamuwa gaba ɗaya kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne take da rauni, musamman bayan ɓullar nau'in ƙwayar cutar mai suna Omicron a Nuwamba 2021, wanda ke iya zille wa garkuwar. Ga shi jiki na buƙatar kimanin mako biyu bayan allurar kafin kariyar ta kankama, sannan tana raguwa bayan 'yan watanni, shi ya sa ake yin ta ƙari.

To wanda aka yi wa zai iya ɗaukar cutar, ya ji ɗan mura kawai, ya kai ta ga tsohuwarsa mai ciwon suga. Takunkumi a cunkoso da buɗe tagogi don irin waɗannan ake yin su.

Zazzaɓi da ciwon dantse na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in magani ko wata allura ta taɓa sa maka kumburi ko sarƙewar numfashi, ka faɗa wa likita kafin a yi maka.