Tambaya da Amsa: Wane ne Giorgio Vasari?

Tambaya: Malam, me ya sa masana zane suke yawan yabon Giorgio Vasari?

Amsa: Vasari, wanda aka haifa a garin Arezzo na Italiya a 1511, mai zane ne kuma magini, amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne littafin da ya wallafa a 1550 kan rayuwar fitattun masu zane da masu sassaƙa da magina, wanda ya faɗaɗa a 1568. Ya jero su tun daga Cimabue, mai zane na ƙarni na 13, har zuwa Michelangelo, mai sassaƙa da zane na zamaninsa, yana nuna yadda gwaninta ta riƙa bunƙasa daga malami zuwa almajiri, kuma a kan wannan turba marubutan baya suka ɗora. Shi ne ya kawo labarin mai zane Giotto, wanda ya zana cikakkiyar da'ira da hannu kawai domin manzon Paparoma.

Sai dai a karanta shi da lura, domin ya fifita mutanen birnin Florence ƙwarai, kuma wasu labaransa ba daidai ba ne: ya ce mai zane Andrea del Castagno ya kashe ɗan'uwansa mai zane Domenico Veneziano, alhali Castagno ya riga shi rasuwa da shekara 4.