Tumatirina na mutuwa tun saukar damina, in ninka maganin feshi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a bayan gari kusa da Zariya, fangali goma sha biyu ne. Na yi dashen tumatir a ƙarshen watan Mayu, na sa kuɓewa da alayyahu a gefe. Tun da ruwa ya zauna tumatirin ya fara yaushi: da safe garau, da rana ya langaɓe, bayan kwana uku ko huɗu ya mutu da ganyensa kore shar. Waɗanda suka tsira kuma fure suke zubarwa. Mai shagon magani ya haɗa mini kala uku a gorar ruwa, ya ce in zuba murfi huɗu a tanki in fesa sau biyu a mako. Yau sati uku ba canji, ya ce in ninka. Ranar feshi kaina kan yi ciwo, sai in sha nono. Abin da ya hana ni barci shi ne iyalina na tsinkar alayyahun nan suna miya, yara na ci. An ce mini ruwan sama na wanke maganin. In ninka, ko in canza wani?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ninka, kada ka canza. Ajiye tankin nan tukuna, kuma daga yau a daina tsinkar alayyahun. Ka yanke shi gaba ɗaya ka binne, kada ka ba akuya. Wanda zai sake tohowa bayan ka daina feshi shi ne na ci.

Yanzu ga tumatirin. Shukar da ke langaɓewa da rana, ta farfaɗo da dare, sannan ta mutu da koren ganye, ba ƙwaro ne ke cin ta ba. Wannan alamar ciwon yaushi ne, wanda ƙwayar bakteriya da ke zaune cikin ƙasa ke haddasawa. Ta saiwa take shiga, musamman inda saiwar ta ji rauni wajen dashe ko noma, sai ta hayayyafa cikin hanyoyin da ruwa ke bi a kara har ta toshe su. Shukar na tsaye cikin laima amma ƙishirwa ce ke kashe ta. Zafi da danshi take so, shi ya sa ba ka gan ta da rani ba sai da ruwan Yuni ya jiƙa ƙasa mai ɗumi.

Ba sai ka yarda da ni ba, gwada da kanka. Tuge ɗaya da ta fara yaushi, ka yanke karan daf da gindi da wuƙa mai tsabta. Ka samu kofin gilashi, ka cika da ruwa mai kyau, ka rataya guntun karan ta yadda bakin yankan zai nutse kaɗan, kada ka motsa kofin. Cikin 'yan mintoci, in ciwon ne, za ka ga wani farin abu kamar zare yana sauka a hankali daga bakin yankan, kamar an ɗiga madara. Ƙwayoyin ke nan. In ruwan ya zauna garau, to duba saiwar: in ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, in ta yi baƙi ta ruɓe, ruwa ne ke kwanciya a fangalin. Duka ukun a ƙarƙashin ƙasa suke. Kai kuwa sati uku kana wanke ganye da guba. An bar jaki ana dukan taiki.

Zubar fure kuwa yawanci zafi ne. In zafin rana ya wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ya bushe ya faɗi. Yawan takin yuriya ma na sa haka, ganye ya yi duhu, 'ya'ya babu. Babu kwalbar da ke sanyaya gari.

Ga inda zan daɗe, domin kusan kullum sai na yi wannan magana da wani. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ya sami shuka feshi ne maganinsa, kuma in murfi biyu bai yi ba huɗu zai yi. Kalmar "magani" ma ita ta yaudare mu. Da muna kiransa guba, wanda shi ne sunansa na gaskiya, da ba wanda zai sayi haɗi a gorar ruwan sha ba suna ba takarda. Maganin ƙwari daban, na funfuna daban, na ciyawa daban. Na ƙwari ba ya kashe bakteriya ko da tulu za ka zuba, kamar yadda maganin sauro ba ya warkar da gyambo. Mai shagon bai zo lambunka ba, bai tuge shuka ko ɗaya ba, bai ga saiwa ba. Abin da ya gani a hannunka kuɗi ne. Ban ce duk masu shago haka suke ba, akwai waɗanda suka yi karatun abin, za su ce maka je ka kawo shukar in gani. Amma wanda zai zuba kala uku a gora ya girgiza ya miƙo maka, wannan ba ya san abin da ya haɗa ba ne, ko kuma ya sani bai damu ba. Sau da yawa ma kwalabe ukun nan sinadari ɗaya ne da sunayen kasuwa daban-daban, ka biya sau uku ka zuba ninki uku na abu guda.

Ninkawar nan ita ta jawo mana bala'in da muke ciki da sharon, tsutsar da ke cinye ganyen tumatir. Tsutsar nan asalinta daga Kudancin Amurka take, ta bayyana a Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mana. A 2016 ta yi ɓarnar da sai da gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Kadawa a jihar Kano ya tsaya saboda rashin kaya. Macen malam-buɗe-littafin da tsutsar ke rikiɗewa ta zama na iya saka ƙwai fiye da 200, kuma cikin wata guda a lokacin zafi 'ya'yan sun girma sun fara saka nasu ƙwan. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa ta zauna, feshin da ke taɓa waje bai isa gare ta sosai ba. Me manoma suka yi? Suka dage da magani iri ɗaya, suna ƙara murfi. Raunanan suka mutu, masu taurin rai suka rage suka hayayyafa, ƙwarin da ke cin ƙwan tsutsar kuwa suka ƙare. Yau akwai magungunan da sharon ke wanka da su. Mu muka horar da ita, da kuɗinmu.

Batun ruwan sama na wanke magani kuwa, rabin gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya ɓarna. Akwai maganin da ke zama a bayan ganye, ruwa kan rage shi. Akwai kuma wanda shuka ke tsotsewa ya shiga cikin jikinta, irin su imidakulofirid da daimetowet. Wannan ba ruwan sama, ba wanki da gishiri, ba abin da zai fitar da shi sai kwanakin da aka ƙayyade sun cika. Kowace kwalba ta gaskiya an rubuta a jikinta kwana nawa za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi, daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu ko fiye, gwargwadon sinadarin da amfanin gonar. Gorarka ba ta da takarda, to kwana nawa za ka ƙirga? Ga shi alayyahu ganyen ake ci, ba ɓawon da za a fere, kuma yaro jikinsa ƙarami ne, abin da babba zai ɗauka ya wuce shi zai iya kayar da shi. Ka dubi ƙasan kwalba ma akwai zanen launi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai ja ba shi da hurumi a lambun da yara ke shiga.

Wannan sakaci ya taɓa ja mana abin kunya a idon duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin daikulobos da aka riƙa samu a ciki, wato sinadarin nan na fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni. Shiga kasuwar ƙauye ranar ci ka gani ko dokar ta iso. Turawa sun ƙi waken, mu muka cinye.

Ciwon kan nan naka, Malam, ba rana ba ce, gubar ce ke shiga ta fata da hanci. Nono ba ya karya ta. Manja ma haka. Ban san wanda ya fara wannan magana ba ne zan ce, amma ta kai mutane da yawa asibiti a makare, domin mutum ya sha ƙwarya guda ya kwanta yana jiran sauƙi. Na taɓa tsayawa a wata fadama na ga saurayi yana feshi da singileti, ba takalmi, tankin na yoyo a gadon bayansa. Bakin ƙarfen ya toshe, ya cire ya sa a baki ya hura, ya tofar, ya ci gaba. Da na yi magana sai ya nuna mini ƙwaryar nonon da ke ajiye a inuwa yana dariya. In ka ga mai feshi yana zubar da yawu, gumi na keto masa, hawaye, amai ko zawo, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ko numfashi na yi masa wuya, a cire masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti nan take tare da kwalbar. Kada a sa shi amai da gangan, kada a ɗura masa komai. Makarin yana wurin likita, allura ce. Kai ma in ciwon kan bai bari ba bayan ka daina, je a duba ka, ka faɗa musu abin da kake fesawa. Kuma ka tuna duk kwandon da ka kai kasuwa wani gida zai shiga, amana ce, ba wanda zai tambaye ka yaushe ka yi feshi sai Wanda ya gani.

To me za ka yi da lambun? In gwajin kofi ya nuna farin zaren nan, tuge duk wadda ta kamu da ƙasar gindinta, ka fitar daga lambun ka ƙone, kada ka jefa cikin ramin taki. Ka wanke fartanya kafin ka shiga fangali mai lafiya, ka kuma tare ruwa kada ya gangaro daga wurin ciwon zuwa sauran. Wannan wurin ya huta da tumatir shekara uku ko fiye, kuma ba tumatir kaɗai ba: tattasai, attarugu, gauta, yalo da dankalin Turawa duk dangi ɗaya ne, ciwo ɗaya ke kama su. Sa masara ko dawa.

Kuskuren farko ma tun wajen shimfiɗa aka yi. Fangali na rani ne, an yi shi don ya riƙe ruwa. Da damina kunya ake tadawa, mai tsayi, ruwa ya wuce ta kwari. A kafa wa kowace shuka sanda a ɗaure, a cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi don kada ruwan sama ya fantsalo ƙasa kan ganye. Ta nan ciwon ɗigo-ɗigo mai zobe ke hawa, kuma shi ne wanda maganin funfuna irin mankozeb ko na jan ƙarfe ke karewa, in an fesa kafin ya yaɗu, a ma'aunin da aka rubuta. Sai iri. UC82B da Roma da muka saba da su na sanyin hunturu ne, damina na wahalar da su. Akwai irin da aka tsara don zafi da ciwon yaushi, kamar Padma da Cobra, sai dai suna da tsada. Ka saya a leda ko gwangwani a rufe, ba a ƙulle cikin takarda ba.

Kuɓewa da alayyahu ba su cika buƙatar komai ba a wannan lokaci sai cire ciyawa da ruɓaɓɓen taki. In darɓa ko farin ƙuda suka taso, daka ƙwallon darbejiya busasshe, kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, ka jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganye. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake yi, sai an maimaita duk mako.

Kai da ke kusa da Zariya ma ba ka da uzuri. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta wayar da kan manoma NAERLS duk suna Samaru. Na san malaman gona sun yi ƙaranci, wani ƙauyen ya shekara bai ga ko ɗaya ba, amma kai kuɗin mota ne kawai tsakaninka da su. Tuge shuka ɗaya da saiwarta da ƙasarta, ka sa a leda, ka kai da safe kafin ta bushe. Ragowar haɗin kuwa kada ka zuba a rafi ko kwata, kada kuma a wanke gorar a sa ruwa. Ka rufe ta gam, ka rubuta "guba" a jiki, ka kulle inda yaro ba ya kaiwa, ka tambaye su can yadda za a zubar. In ka yi gwajin kofin ka aiko mini da abin da ka gani.