Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ajin Ɗa Yake Fitar da Lissafin Uwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ina koyon Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Na rubuta aji mai suna AbinHawa, a cikinsa akwai aikin kudinHaya(int nisa). Na yi wani aji KabuKabu ya gaje shi, na sake rubuta kudinHaya(double nisa). Amma da na rubuta AbinHawa a = new KabuKabu(); na kira a.kudinHaya(5), sai lissafin uwa, wato AbinHawa, ya fito. Ina matsalar take?

Amsa: Yauwa ƙanena, matsalar tana cikin kalma ɗaya: uwa ta ce int (cikakkiyar lamba), kai ka ce double (lamba mai ɗigo). A Java, aikin ɗa ba ya maye gurbin na uwa sai sunansu ɗaya, abubuwan da suke karɓa kuma iri ɗaya, a jere ɗaya. Da ka canza iri, sai KabuKabu ya wayi gari da ayyuka biyu masu suna ɗaya, na gado da sabo. Ka ayyana a a matsayin AbinHawa, wanda bai san sabon aikin ba, don haka na gado aka zaɓa. Mayar da shi int, nan take lissafin kabu-kabu zai fito, domin idan maye gurbin ya tabbata, Java tana duba ainihin abin da aka ƙera da new lokacin da manhaja take gudana.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne @Override. Tun Java 5, a 2004, aka kawo shi. Ka rubuta shi a saman duk aikin da kake nufin ya maye gurbi. Da ka sa shi, da mai harhaɗa manhajar ya ƙi karɓar rubutun tun farko, ya nuna maka layin. Ina jin takaici idan na ga ɗalibi ya kwana neman kuskuren da kalma guda za ta kama masa.

Akwai inda gadon yake da iyaka. Aikin da aka sa wa final ko private ba a maye gurbinsa. Na static kuwa ɓoye shi kawai ake yi, wanda za a kira ya danganta da irin da ka rubuta a hagu, wato AbinHawa. Idan kuma kana son lissafin uwa ka ɗora naka a kai, misali ƙarin kuɗin dare, ka kira super.kudinHaya(nisa) a cikin naka.

Ranar da kuka shiga harshen C++ ka yi hattara: can sai uwa ta sa wa aikin virtual, dabarar da ta samo asali daga harshen Simula 67 na Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard a ƙasar Norwe. In babu virtual, ko da sunan da irin sun dace, kira ta manunin uwa (pointer) lissafin uwa zai ba ka.