Amsar Anti ga Maman Biyu kan lissafin kalori da rubuta abin da aka ci

(An rubuta muryar da Anti ta turo jiya da daddare, saboda waɗanda suka ce ba ta buɗe musu ba.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Matan gida barkanmu da dare, ya gajiya, ya yara, ya ruwan nan da ake ta yi? Allah ya sa mu ga alherinsa.

Maman Biyu, ƙanwata, na ji muryarki tun azahar, to ina wajen girkin suna a Ogba, hannuna duk mai, shi ya sa na ce bari sai na dawo gida na nutsu. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ta yi ta sauke manhajar lissafin abinci a waya, ta sa tsawonta da nauyinta, manhajar ta yanke mata kalori 1,200 a rana, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mako biyu ke nan tana fama. In ta nemi tuwo ko miyar kuka ko masa ba ta samu, in ta nemi dafa-duka sai lambobi kala biyar su fito. Sikeli bai motsa ba, ga jiri yana ɗibarta da la'asar. Shi ne take tambaya ko ta haƙura ta sayi shayin rage ƙiba da ake ta talla.

Shayin nan dai, don Allah ki bar shi. Da yawansu abin sa zawo ne a ciki, irin ganyen filasko. Ruwan jikinki zai fita, sikeli ya sauka kwana biyu, ki sha ruwa ya koma inda yake, kitsen kuwa ko gezau. Mu wuce wannan.

Kin san ni da tukunya, shekara 16 ina girkin biki a Agege. Ranar da likita ya ce min jinina ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa, kilo 96 nake. Na rantse masa ni ba mai ci ba ce, kuma har ga Allah haka na ɗauka, don sau da yawa sai la'asar nake zama in ci abinci a faranti. Bai yi min gardama ba. Ya ce Hajiya, ki nemi littafi, mako biyu kada ki rage komai, kada ki canza komai, ki dai rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaronki da lokacin da ya wuce. Na sayi littafin 'yan makaranta mai shafi 40, na ɗaure biro da zare a jikinsa, na rataye a ƙusa kusa da risho.

Ƙanwata, shafin ranar farko har yanzu yana nan. Ƙarfe 7 shayi da sukari cokali uku da madara, da burodin Agege. Ƙarfe 10 masa biyu, ta farko da ta fito daga tanda, ɗanɗanon gishiri. Ƙarfe 11 wata masar guda da ta fashe, ba za a kai wa mai biki ba. Tsokar nama uku wajen suya. Ƙanzon dafa-duka. Lemon kwalba ɗaya saboda zafin wuta. A hanyar dawowa gosulo ya riƙe mu a danfo tun daga Ikeja Along, na miƙa hannu ta taga na sayi soyayyar ayaba da wani lemon. Da daddare tuwo malmala biyu, sannan ragowar Indomie ɗin auta, don ba na iya ganin abinci ya tafi bola. Na zauna a bakin gado ina kallon shafin nan, jikina ya yi sanyi. Duk abin da na ci a tsaye, zuciyata ba ta taɓa lissafa shi a abinci ba.

Shi ya sa nake ce miki, amfanin rubutun ya fi amfanin lambar. Lambar da ke cikin waya, musamman ta abincinmu, yawanci mutane ne irinmu suka shigar da ita, kowa da tukunyarsa. Wata ta dafa da mai cokali biyu, wata da ludayi uku, duk sunansa dafa-duka. To ta ina waya za ta san tukunyarki? Ke ce kika san ta.

Ga yadda nake yi, kuma ba wuya. Ki auna abu tun yana ɗanye, kafin ya shiga tukunya. Shinkafa ɗanya, garin masara, semo, garin rogo, gero, duk kusan jirgi ɗaya ya kwaso su, giram 100 yana ba da kalori wajen 350 zuwa 360. To in kika tuƙa tuwo da kilo ɗaya, kin san tukunyar nan tana da wajen 3,600. Kika kwashe malmala goma, kowace malmala 360 ke nan. Shi ke nan kin samu lambar tuwon gidanki, ba sai kin sake nema ba, muddin da marar da kika saba kike kwashewa. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi, su kansu ba su da wani nauyi. Abin da ke ɗaga su shi ne man da aka zuba, da man shanun da muke kwararawa a kai.

Mai, ƙanwata. Nan ne maganar take, ki buɗe kunne. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali giram ɗaya na sitaci ko sukari ko furotin 4 ne, kin ga ya ninka har da ɗori. Babban cokali ɗaya na mai, man gyaɗa ne ko manja ko na jarka, wajen 120 ne, babu wanda ya fi wani sauƙi a nan. Wata rana na ɗauki ludayina na miya na cika shi da mai, na riƙa juyewa a cokali ina ƙirgawa, ya ba ni shida. Ni kuwa ludayi biyu nake zuba wa kilo ɗaya na shinkafa, cokali 12 ke nan, kalori 1,440 na mai zalla. Ki haɗa da 3,600 na shinkafar, tukunya ta haura 5,000. Mu takwas ne, kowane faranti ya wuce 600 tun ba a ɗora nama da soyayyar ayaba ba. Na riƙa ragewa a hankali har na dawo cokali biyar, na ƙara albasa da tattasai da daddawa, na bar tumatir ya soyu a ƙaramar wuta. Wallahi maigida bai ankara ba sai da na faɗa masa da bakina. Kuma jarkar mai da ke ƙarewa a mako uku ta koma tana haura wata, a tsadar nan ta Legas kin san ba ƙaramin abu ba ne.

Sai abin sha. Lemon kwalba na roba mai rabin lita yana kai wajen kalori 200, da sukari fiye da ƙaramin cokali 10 a ciki, kuma ba ya ƙosarwa, kina sha kina neman abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, wajen giram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12, in an iya rabin haka ma ya fi. Kin ga roba ɗaya ta kusa cinye rabon yini. Kada kuma mu ce namu na gida ya tsira. Zoɓo da kunun aya da fura, mu da muke haɗawa mun san kofin sukari nawa muke juyewa a bokiti. Ni ban daina shan zoɓo ba, na dai koma ɗibar nawa kafin a sa sukari, da citta da kanumfari da ɓawon abarba.

Gyaɗar kwalba ma ki kula da ita. Abinci ce mai kyau, amma cikin tafin hannu ɗaya wajen 170 ne, kuma wa ke tsayawa a ɗaya in ana hira? Ki zuba a murfi ki mayar da kwalbar kabad. Burodi giram 100 wajen 260 ne, yankan da nake yi da safe da na ɗora a sikeli giram 150 na gani, kusan 400 ke nan tun ba a shafa bota ba. Dafaffen ƙwai guda kuwa bai wuce 80 ba, kuma ya fi riƙe ciki. Wake ma haka, in ba a nutsar da shi a manja irin na ewa agoyin ba.

To yanzu maganar 1,200 ɗin nan da jirin. Ƙanwata, ke da ke goyon ɗaya kina riƙe da ɗaya, ki ɗebo ruwa ki hau bene, ki je Mile 12 sayayya ki dawo, wannan lamba ta yi miki kaɗan. Mace baliga a matsakaicin lissafi wajen 2,000 take buƙata a rana, namiji wajen 2,500, kowa kuma da girman jikinsa da aikinsa. Abin da aka fi ba da shawara shi ne a rage wajen 500 daga abin da jiki ke ƙonawa, a samu saukar kusan rabin kilo a mako, don kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da wajen kalori 7,700. Kin ga ba aikin kwana goma ba ne. Kuma ba ki faɗa mana ba ko kin yaye su. In har suna shan nono, jikinki ƙari yake nema, ba ragi ba, to kada ki taɓa abincinki sai kin yi magana da ma'aikatan asibitin da kike kai su awo. Haka duk wadda ke da ciki a gidan nan, ko mai shan maganin sukari ko allurar insulin, ko mai gyambon ciki, kada ta ji muryata ta fara rage abinci da kanta, sukari yana iya faɗuwa mutum ya zube. Jirin nan naki ma in ya ci gaba bayan kin ƙara abinci, ki je a duba jininki, ƙarancin jini bayan haihuwa ba baƙon abu ba ne.

Zan faɗa miki abin da nake zato, ki gyara min in na yi kuskure. Kina matse ciki tun safe don kada lambar manhajar ta yi ja, la'asar jiri ya kama ki, dare ya yi yunwa ta ci ƙarfinki ki ci abin da ya samu, shi kuma ba ya shiga lissafi saboda kunya. Babu mai duba littafin nan sai ke. Ranar da kika ci masa takwas a gidan biki, ki rubuta takwas. Washegari ki ci abincinki yadda kika saba, ba sai kin yi wa kanki horon yunwa ba.

Akwai kuma matsalar tire. Mu ba mu saba kowa da farantinsa ba, ana haɗuwa ne a sa hannu, kuma albarka tana nan, ban ce a daina ba. Amma mai lissafi ba ta san nawa ta ci a tire ba. Ni ƙaramin kwano na ware, in zuba nawa in zauna tare da su a tabarma ɗaya. Rabin kwanon ganye, kabeji ko zogale ko alayyafo ko ugu, duk wanda ya yi araha a kasuwa ranar, sauran rabin a raba tsakanin tuwo ko shinkafa da kifi ko wake. Surukata da ta zo daga Zariya ta yi ta faɗa, wai ina rama mutane za su ce ɗanta ba ya ciyar da ni. Na nuna mata katin asibiti, na tuna mata hadisin nan na kashi ɗaya abinci, kashi ɗaya ruwa, kashi ɗaya numfashi. Kafin ta koma ita ke yanka min kabejin.

Sikeli kuma ki daina hawa kullum. Gishiri da dunƙulen miya suna riƙe ruwa a jiki, lokacin al'ada ma haka, kilo ɗaya ko biyu yana hawa ya sauka ba ruwansa da kitse. Sau ɗaya a mako, da safe bayan kin zaga, kafin ki ci komai. Ki karɓi tef wajen tela ki riƙa auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a wata. Ni akwai watan da sikeli ya tsaya cak, amma zanina ya ƙara zagayowa. Wata 14 na yi kafin na sauko kilo 83, kuma lissafin lamba wata uku kawai na yi shi, daga nan ido ya gane, sai rubutun na ci gaba da shi. Tafiya kuma, minti 150 a mako ake so, minti 30 sau biyar. In na dawo daga aiki a Pen Cinema nake sauka in taka zuwa gida maimakon hawa keke.

Saboda haka daga gobe ki mayar da abincinki na safe, ki nemi littafi ki rataye a kicin, mako biyu ki rubuta komai, har ɗanɗanon miya da ragowar 'yan biyu. Mai kawai za ki fara aunawa da cokali, sauran ki bar su tukuna. Ranar Asabar ta sama in Allah ya kai mu akwai walimar sauka a Islamiyya, zan zo miki da ƙaramin sikelina na kicin ki riƙe aro, ke kuma ki zo da littafin mu zauna gefe mu duba tare. Ki turo min ta gefe ko kin yaye su, wannan ina son in sani yau. Ki shafa min kansu, ki gaida maigidan. Bari in tashi, an kawo wuta, zan markaɗa kayan miyar gobe kafin a ɗauke. Sai da safenmu, wassalamu alaikum.