Al'adata ta rikice, amma ina tsoron zuwa wajen likitan mata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni budurwa ce, shekarata 23, ina karatu a nan Yamai. Tun da na fara al'ada ba ta taɓa zama daidai ba, amma bana abin ya ƙaru. Sai in yi wata biyu, wani lokaci uku, ban ga jini ba, in ya zo kuma ya kwashe kwana goma. Ƙuraje sun fito mini a fuska, ga ƴan gashi a haɓa. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Ina son ganin likitan mata, amma an ce ƙarfe ake sa wa mace, kuma ina jin kunyar a gan ni a asibitin haihuwa ba ni da aure. Me zan tarar a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara cire miki babban tsoron. Wannan ƙarfen da ake buɗe gaban mace da shi don a duba bakin mahaifa, ba a sa wa budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba, kuma matsalarki ba ta ma buƙace shi ba. Ko ga matar aure, likita ba ya da ikon taɓa ta sai ya faɗa mata abin da zai yi ta amince. In kin fi sakewa da likita mace, ki nema tun a bakin ƙofa. In namiji kika tarar, ki ce ungozoma ko ƴar rakiyarki ta tsaya a ɗakin. Babu wanda zai ga laifinki.

Batun kunya kuwa, na san bakin mutane, ba zan ce miki babu shi ba. Amma layin likitan mata ba na masu ciki kaɗai ba ne. Akwai ƴan mata masu ciwon mara, akwai iyayenmu da jini ya daɗe da ɗauke musu. Ki tafi da mamanki ko yayarki, hankalinki zai fi kwanciya. Kina iya farawa daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ungozoma ta saurare ki, in da buƙata ta ba ki takardar zuwa gaba, kamar asibitin Issaka Gazobi, inda ake duba cututtukan mata ban da karɓar haihuwa.

Zuwan kuma ya zama dole. Ana ƙirga zagayen al'ada daga ranar farko da jini ya zo zuwa ranar farko ta wanda ke bi masa. Ga mace baliga, kwana 21 zuwa 35 daidai ne, jinin kuma kada ya wuce kamar mako guda. A shekaru biyu zuwa uku na farko bayan yarinya ta fara, rikicewa ba abin damuwa ba ne, jiki ne bai gama daidaita ba. Ke kin wuce nan. Wata uku babu jini, babu ciki, babu shayarwa, abu ne da muke bincika.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa saboda tsammanin ciki. In ƙwai ya fita bai haɗu da maniyyi ba, bayan kamar kwana 14 shimfiɗar ta zube, shi ne jinin haila. In ƙwan bai fita ba, babu abin da zai sa ta zube a kan lokaci, sai ta yi ta kauri, ranar da ta ɓalle kuma ta zo da yawa ta daɗe. Daga nan kwana goman naki suka fito. Barin shimfiɗar tana taruwa shekara da shekaru ba shi da kyau ga mahaifa, shi ya sa ba na son ki ce bari sai bayan biki.

Ban gan ki ba, don haka ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba. Sai dai al'ada mai nisa haɗe da ƙuraje da gashin haɓa suna sa mu fara tunanin wata matsala ta ma'ajiyar ƙwai, wadda za ki ga an rubuta SOPK a takardar likita. Tana samun kusan mace ɗaya cikin goma. Amma akwai wasu abubuwan da ke kwaikwayonta: matsalar ƙullin wuya da ke kawo maƙoƙo, yawan sinadarin da ke sa ruwan nono, ramewa ko ƙiba ta farat ɗaya, har da damuwa mai tsanani, irin ta jarrabawa da hidimar aure a lokaci guda.

Rabin aikin ranar farko hira ce, kuma abin da kika zo da shi ya fi duk wata na'ura amfani. Mata da yawa in na tambaye su ranar da suka ga jini na ƙarshe, sai su ce "wajen azumi ne". Da wannan ba mu iya lissafi. Ki zauna yau da ƙaramin littafi ko kalandar wayarki, ki rubuta ranakun da kika iya tunawa na wata shida da suka wuce. Kwanakin da kika yi fashin sallah za su taimaka miki. Ki rubuta kwana nawa jinin ya yi, ƙunzugu ko auduga nawa kike canzawa a yini, ko akwai guda-guda, ko ciwon mara na hana ki zuwa makaranta. Duk maganin da kika sha ki zuba a leda ki zo da shi, na farmasi, na masu talla, har jiƙo da garin da aka ba ki a gida. Yanzu da biki ya matso, na san za a fara ɗura miki kayan gyaran amarya. Ki dakata da su har a gama bincike, kuma kada ki sa komai a gabanki.

Za a tambaye ki shekarun da kika fara al'ada, ko akwai mai ciwon suga a gidanku, ko ruwa na fita daga nononki, ko kina yawan ciwon kai. Za a kuma tambaye ki ko kin taɓa kusantar namiji, wataƙila a yi gwajin ciki na fitsari. Kada ranki ya ɓaci, kowace mace da jininta ya ɗauke ana yi mata haka. In akwai maganar da ba ki son ƴar rakiyarki ta ji, ki nemi ta ɗan fita. Sirrinki amana ce a wuyan likita.

Dubawar kanta ba ta da yawa: awon nauyi da hawan jini, a leƙa cikin fatar idonki don ganin ko jini ya yi ƙasa, a taɓa wuya, a danna ciki. Sai ekografi, wato hoton cikin mara da na'ura, wanda a kan fatar mara ake yi wa budurwa. Za a ce ki sha ruwa sosai kamar awa guda kafin lokacin, ki riƙe fitsari, don mahaifa ta fito sarai. Man da ake shafawa yana da ɗan sanyi, ba ya ciwo. Wasu gwaje-gwajen jini sai a kwanakin farko na al'ada ake ɗauka, don haka kada ki yi mamaki in an ce ki dawo. In kuɗi sun yi kaɗan, ki faɗa wa likita kai tsaye ya zaɓa miki waɗanda suka fi muhimmanci.

Na san tambayar da ba ki rubuta ba: zan haihu? Yawancin masu SOPK suna haihuwa, wasu da kansu, wasu da maganin da ke taimaka wa ƙwai ya fita. Kafin lokacin, ana iya ba ki ƙwayar kwana goma da ke sa shimfiɗar ta zube, ko ƙwayoyin nan na tsarin iyali don daidaita al'ada da rage ƙuraje. Ba sa kashe mahaifa, duk da abin da ake faɗa a gidajen biki. In kina da ƙiba, rage ko kashi 5 cikin 100 na nauyinki kan dawo da al'ada ga mata da dama. Ki rage suga a shayi da fura, ki rage lemun kwalba da fanke, ki riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa.

Akwai kuma alamun da ba a jira musu ranar ganin likita. In jini na jiƙa auduga duk awa har awa biyu ko uku a jere, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, ko zuciyarki na bugawa da sauri, ki tafi asibiti a take ko da dare ne. Haka nan bayan aure, in kin yi ɓatan wata sai ciwo mai tsanani ya kama gefe ɗaya na mararki, kada ki tsaya shan jiƙo, yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, kuma wannan aikin gaggawa ne.